Ƙura a Cikin Gida Lokacin Sanyi: Me Ya Sa Shara Kaɗai Ba Ta Isa?

Tambaya: Duk lokacin da sanyi ya shigo muka rufe tagogi, sai ƙura ta yi yawa a gidana fiye da kowane lokaci, alhali kullum ina shara ina kakkaɓe kaya. Ƙaramin ɗana yana tari da dare, ni kuma ina tashi da toshewar hanci da bushewar maƙogwaro. Shin na'urar tace iska zan saya, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Malama, abin da kika bayyana sananne ne ga duk mai aikin duba lafiyar iskar cikin gidaje, kuma zan fara da abin da wataƙila ba za ki so ji ba: mai yiwuwa ne sharar da kike yi kullum da kakkaɓe kayan suna cikin abubuwan da ke ƙara wa yaronki tari. Ba tsabtar ce ta zama laifi ba. Matsalar ita ce busasshiyar tsintsiya da busasshen tsumma ba sa fitar da ƙura daga ɗaki, tayar da ita kawai suke yi daga ƙasa zuwa sama, a daidai lokacin da kika rufe duk wata kafa da za ta bi ta fita. Saboda haka kafin mu zo kan batun sayen na'ura, ya kamata ki san mece ce wannan ƙurar, daga ina take zuwa, da kuma dalilin da ya sa sanyi yake tsananta ta.

Ƙurar gida ba abu ɗaya ba ce. Gauraye ce ta ƙasar da ta shigo daga waje, da zaruruwan da ke zubowa daga tufafi da barguna da kafet, da ɓurɓushin fatar jikin mutane, da gashi, da toka da baƙin hayaƙi, da garin furanni, da tarkacen ƙananan ƙwari. A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Arizona ta Amurka, David Layton da Paloma Beamer, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙurar gida daga waje take fitowa, wata a iska, wata a ƙarƙashin takalmi. Wannan ƙiyasin yana da amfani ƙwarai, domin yana nuna cewa fiye da rabin aikin a bakin ƙofa yake, ba a tsakar ɗaki ba.

Abu na biyu shi ne girman ƙwayar ƙurar, kuma a nan ne yawancin mutane suke ruɗewa. Idan hasken rana ya ratso ta ɗan tsagin labule da safe, za ki ga ƙura tana ta yawo a cikinsa, wata tana juyawa, wata tana gangarowa a hankali. To, waɗannan da idonki ya kama su ne manya, kuma hanci da maƙogwaro suna tare yawancinsu kafin su isa huhu. Masu haɗarin su ne waɗanda ko a cikin wannan hasken ba za ki gan su ba. Masana suna kiran su PM2.5, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, alhali silin gashin kan mutum yana da kaurin maikromita 50 zuwa 70. Manyan ƙwayoyi suna sauka ƙasa cikin 'yan mintuna, amma waɗannan ƙananan suna iya shafe sa'o'i a rataye a cikin iska, kuma suna shiga har can ƙarshen hanyoyin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara ƙa'idarta a kansu a 2021, inda ta ce matsakaicinsu na shekara kada ya wuce maikrogiram 5 a kowace mita kubik ta iska (wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, da faɗi, da tsayi), na yini guda kuma kada ya wuce 15. Gida yana iya zama fes a ido, tebur yana ƙyalli, amma iskarsa ta zarce wannan ƙa'ida nesa ba kusa ba. Don haka manufarki ba gogewar tebur ba ce, rage abin da ke shiga ƙirjin yaro ce.

Me ya sa sanyi yake ƙara dagula lamarin? Dalilin farko kin faɗe shi da kanki: an rufe tagogi. Duk abin da aka samar a cikin gida, na girki ne, na numfashi ne, na shara ne, sai ya taru a ciki maimakon iska ta kwashe shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana bayyana cewa wasu gurɓatattun abubuwa sukan ninka na waje sau biyu zuwa biyar a cikin gidaje. Dalili na biyu bushewar iska ce, kuma yana da kyau ki fahimci yadda take faruwa. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe ruwa da yawa: a ma'aunin zafi 0 na Celsius, mita kubik ɗaya ta iska ba ta ɗaukar fiye da kusan giram 5 na tururin ruwa, amma a ma'aunin 20 tana iya ɗaukar kusan giram 17. Idan wannan iskar ta waje ta shigo ɗaki aka ɗumama ta, ruwan da ke cikinta bai ƙaru ba, ƙishinta ne ya ƙaru, sai danshinta ya faɗo ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Busasshiyar iska kuwa tana sa ƙura ta yi sauƙin tashi, tana sa tufafi da barguna su yi ta zubar da zare, sannan tana busar da laimar da ke cikin hanci, wadda ita ce ke kama ƙura tana turo ta waje. Shi ya sa kike tashi da busasshen maƙogwaro, wasu yaran ma har haɓo suke yi. A kan wannan kuma ki ƙara fito da manyan barguna da rigunan sanyi da suka yi watanni a ajiye, da yawan zaman mutane a ciki, da ɗumin da ke tashi sama yana janyo iskar waje ta ƙarƙashin ƙofofi da tsagogin ƙasa. A wasu yankunan duniya ma lokacin sanyin tare yake zuwa da busasshiyar iska mai ɗauke da ƙura daga hamada, a wasu kuma da hayaƙin ɗumama gidaje da yake kwanciya a kan gari.

To, a fara daga bakin ƙofa. Kada takalmin da ya taka waje ya wuce ƙofar shiga, na mai gida ne ko na baƙo. Ki shimfiɗa abin goge ƙafa guda biyu, mai kaushi a waje, mai laushi da ake iya wankewa a ciki. Ki duba ƙarƙashin ƙofa da dare bayan kin kunna fitila a ɗaya ɓangaren: duk inda haske ya ratso, ƙura ma ta nan take bi, kuma ɗan robar da ake mannawa a gindin ƙofa ko a gefen taga yana toshe shi. Wannan ƙaramin aiki ne, amma a ganina ya fi kayan goge-goge masu tsada amfani.

Sai yadda ake tsabtar kanta. Ƙa'idar guda ɗaya ce: a kama ƙura, kada a kore ta. Ki jiƙa tsumma ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki ninka shi gida huɗu, ki goge wuri da fuska ɗaya a tafi ɗaya, in ta yi datti ki juya wata fuskar. Idan duk fuskokin sun cika sai ki ɗauraye. Tsumman zamani mai ƙananan zaruruwa, wanda ake kira maikrofaiba, ya fi tsohuwar riga kama ƙura, amma kada a wanke shi da sinadarin tausasa tufafi, domin yana toshe zaruruwan. Ki fara daga sama: fukafukan fanka, saman kabad, kan labule, bayan talabijin, sannan tebura, ƙasa kuma ita ce ta ƙarshe, don abin da ya zubo daga sama ya tarar da ke a can. Daɓen siminti ko na tayil, mopa mai ɗan danshi ta fi masa tsintsiya. Idan kuwa ba makawa sai an yi shara, a yayyafa ruwa kaɗan tukuna, a ja tsintsiyar a hankali ba tare da watsa ta sama ba. Abin kakkaɓe ƙura mai gashin tsuntsu kuwa ki ajiye shi gaba ɗaya, ba shi da wani aiki illa sauya wa ƙura wurin zama. Kuma ki lura da lokaci: kada ki yi tsabtar ɗakin kwana dab da barci, domin abin da ya tashi bai gama sauka ba yaron zai kwanta a ciki. Ki yi da hantsi, yaro ba ya ɗakin, taga a buɗe na ɗan lokaci. Gogewa sau ɗaya ko biyu a mako ta wannan hanyar ta fi busasshiyar shara ta kullum.

Idan kina amfani da injin zuƙe ƙura, ki sani cewa ba duka suka zama ɗaya ba. Injin da ba shi da filta mai kyau yana haɗiye manyan tarkace ta gaba, yana feso ƙananan ƙwayoyin ta baya, kuma wannan ɗan warin da kike ji idan an kunna shi alamar hakan ce. Wanda ake buƙata shi ne mai filtar HEPA, wadda ƙa'idarta ita ce ta tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikromita 0.3, sannan jikinsa ya kasance a rufe ruf yadda iska ba za ta kewaye filtar ta fita ta wata kafa ba. Ki ja shi a hankali a kan kafet, ki maimaita wuri ɗaya sau da yawa, ki zubar da abin da ya tara a wajen gida. Shi kansa kafet ɗin da ya mamaye ɗaki bango zuwa bango rumbun ƙura ne. Duk takun da aka yi a kansa sai ya tayar da wani abu, kuma yaron da ke rarrafe ko wasa a ƙasa shi ne ya fi kusa da wurin. Ba zan ce ki cire na gidan duka ba, amma a ɗakin kwanan yaro mai tari, ƙaramar darduma da ake iya ɗauka a wanke ta fi min kwanciyar hankali.

Bari in ɗan daɗe a kan ɗakin kwana, domin tarin da ke tashi da dare yawanci a can tushensa yake, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwar mutum a kan gado yake ƙarewa. A cikin katifa da matashin kai da bargo akwai wasu ƙananan halittu 'yan uwan gizo-gizo, waɗanda tsawonsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, ido ba ya ganin su. Ba sa cizo, ba sa shan jini. Ɓurɓushin fatarmu suke ci. Abin da ke cutarwa shi ne kashinsu da gawarwakinsu, waɗanda ke jawo atishawa da ƙaiƙayin ido da toshewar hanci, kuma suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma ga masu ita. Waɗannan ƙwarin ƙura ba sa shan ruwa da baki, daga danshin iska suke tsotsar abin da suke buƙata, saboda haka idan danshi ya yi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari na dogon lokaci sai su kasa hayayyafa. Za ki iya cewa ai ke nan bushewar sanyi ta gama da su. Ba ta gama ba, saboda dalili biyu: gumin jiki da numfashi suna sa cikin shimfiɗa ya fi sauran ɗakin danshi, sannan ko sun mutu, abin da suka bari yana nan a cikin katifa yana ci gaba da aikinsa. Maganinsu wanki ne. Ki wanke zanin gado da rigar matashi duk mako da ruwa mai zafin ma'auni 60, domin ruwan sanyi yana ɗauraye kashin amma ba ya kashe su da kyau. Ki sa wa katifa da matashi riga mai matsattsiyar saƙa mai zif, irin wadda aka yi musamman don wannan. Barguna da rigunan sanyin da aka ciro daga ajiya a wanke su kafin a fara amfani da su, ba bayan an ga yaro yana atishawa ba. 'Yan tsanan yadi masu laushi da yara ke runguma su kwana da su, a rage yawansu a kan gado. Wanda ba ya jure ruwan zafi a sa shi a leda a ajiye a firiza na tsawon yini guda, sannan a wanke. Da safe kuma kada ki yi saurin gyara gado ki lulluɓe ɗumin dare a ciki, ki yaye bargon ki bar shimfiɗar ta sha iska tukuna. Ki leƙa ƙarƙashin gadon ma: akwatuna da takalman da aka tura can suna hana gogewa, kuma a nan ƙura take dunƙulewa. Idan akwai kyanwa ko kare a gidan, ɗakin kwana ba wurinsu ba ne, musamman kyanwa, wadda abin da ke fita daga jikinta yake daɗewa a iska.

Yanzu batun danshi, wanda yake buƙatar tsaka-tsaki. Abin da ake so shi ne tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kuma kada ya kai 60. Ba a gane wannan da ji a jiki. Ki nemi ɗan ƙaramin ma'aunin danshi ki ajiye a ɗakin kwana, ki duba shi safe da dare na 'yan kwanaki kafin ki yanke shawarar komai. Idan ya nuna ƙasa da 30, na'urar ƙara danshi za ta iya taimaka wa maƙogwaronki, amma ina gargaɗinki da babbar murya a kanta, domin na'urar da ba a kula da ita ta fi rashinta illa. Ruwan da ya kwana a cikinta yana tara ƙwayoyin cuta, ita kuma ta fesa su a iska. Dole a zubar da ruwan kullum, a wanke tankin duk bayan 'yan kwanaki, a shanya shi. Irin wadda take fitar da sanyayyen hazo, idan aka zuba mata ruwan famfo mai gishiri-gishiri, tana watsa ma'adinan ruwan su zama wata farar ƙura da za ki gani a kan kayan ɗaki, wato kin sayi na'ura don rage ƙura ta koma tana ƙera miki sabuwa. Tataccen ruwa ake zuba mata. Kada kuma ki zuba wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ko turare a cikin ruwan. A Koriya ta Kudu an gano a 2011 cewa wani sinadari da ake sayarwa don zubawa a irin waɗannan na'urori shi ne ya lalata huhun ɗimbin mutane, ciki har da mata masu juna biyu da ƙananan yara, kuma da yawa sun rasa rayukansu.

Akasin haka ma yana faruwa a lokacin sanyi, musamman a gidan da aka toshe sosai kuma ake shanya wanki a ciki. Idan kin ga raɓa tana kwaranya a jikin gilashin taga da safe, danshin ya yi yawa. Ki ja kabad ɗin da ke jingine da bangon waje ki duba bayansa: baƙaƙen ɗigo-ɗigo da wari irin na rufaffen wuri fumfuna ce, kuma ƙwayoyinta suna tayar da tari kamar yadda ƙura take yi. Ki goge raɓar, ki bar tazara tsakanin kaya da bango, ki buɗe tagar banɗaki bayan wanka, ki gyara duk inda ruwa yake yoyo.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne babban kuskuren lokacin sanyi, wato rufe gida ruf dare da rana don gudun ƙura da sanyi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Gida yana buƙatar musayar iska ko da ana sanyi, dabarar dai ita ce a yi ta da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ki buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna gaba ɗaya na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a yini, sannan ki rufe. A cikin wannan ɗan lokacin iskar ɗakin takan sauya, amma bango da kayan ɗaki ba su kai ga hucewa ba, don haka ɗumi yana dawowa da wuri. Wannan ya fi barin taga a ɗan buɗe yini guda, wanda ke sanyaya bango ba tare da ya sauya iska sosai ba. Jamusawa sun daɗe da riƙe wannan hanyar duk da tsananin sanyin ƙasarsu. Wani masanin kiwon lafiyarsu, Max von Pettenkofer, tun a ƙarni na 19 ya ba da shawarar kada iskar da muke fitarwa in mun numfasa, wato kabon dayoksaid, ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki. A waje tana kusan 420 a yau, amma rufaffen ɗakin da mutum biyu ko uku suka kwana a ciki yakan zarce 1,000 kafin gari ya waye, kuma wannan na cikin abin da ke sa a tashi da nauyin kai. Sai dai a zaɓi lokaci. Idan gidanki yana bakin babban titi, kada ki buɗe a lokacin cunkoson motoci. Idan ranar ƙura ce ko hayaƙi ya lulluɓe gari, ki taƙaita buɗewar ki jira sa'ar da iska ta lafa. Kuma kada gudun ɓarnar ɗumi ya sa a bar gida da sanyi ƙalau: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza ma'auni 18 a lokacin sanyi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba, domin ya fi ƙura haɗari: duk abin da ake ƙonawa a cikin gida. Girki, musamman suya, shi ne babban mai samar da ƙananan ƙwayoyin nan a yawancin gidaje, murhun gas kuma yana ƙara fitar da wata iska mai tayar da asma. Ki kunna na'urar zuƙe hayaƙi idan tana fitarwa waje, in babu ki buɗe tagar kicin ki rufe ƙofar da ta haɗa shi da sauran gida. Kyandir da turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa duk hayaƙi ne, komai daɗin ƙamshinsu, sigari kuwa ba shi da wuri a gidan da yaro yake tari. Feshin ƙamshin ɗaki ma ba ya tsabtace komai, ƙara wa iska sinadari kawai yake yi. Mafi muni shi ne shigar da garwashin gawayi, ko hita mai kananzir ko gas marar bututun hayaƙi, cikin rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai har ta gama da shi. Idan mutanen gida suna ciwon kai tare, kuma suna samun sauƙi in sun fita waje, a fita da kowa nan take a nemi asibiti. Janareta kada ya kusanci taga ko ƙofa, a nisanta shi da aƙalla mita 6. Duk gidan da ake ƙona wani makamashi a ciki yana buƙatar ƙararrawar gano wannan iskar kusa da ɗakin kwana, kuma da za a ce in zaɓa miki abu ɗaya da za ki fara saya, ita zan zaɓa kafin na'urar tace iska.

Ita na'urar tace iskar tana aiki, amma ki san iyakarta: abin da ke yawo a iska kaɗai take kamawa, ba ta ɗauke wanda ya riga ya kwanta a kan kabad ko a cikin katifa, ba ta kuma cire kabon monoksaid ko kabon dayoksaid. Idan za ki saya, ki nemi mai filtar HEPA ta gaske, sannan ki duba lambar da ake rubutawa CADR, wadda ke nuna yawan tsabtatacciyar iskar da take fitarwa. Lissafin mai sauƙi ne. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi yana ɗauke da mita kubik 48 na iska. Idan ana so a tace ta sau 5 a awa, wanda shi ne abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2023, ana buƙatar na'ura mai fitar da kusan mita kubik 240 a awa. Ki sayi wadda ta ɗan zarce buƙatarki, domin lambar da ke kan kwali ta lokacin da take gudu da ƙarfinta duka ce, kuma ba wanda zai iya barci da wannan ƙarar. Ki ajiye ta a ɗakin kwanan yaron, nesa da bango da labule, ƙofa a rufe, ta kwana tana aiki. Ki tambayi yadda ake samun sabuwar filtarta kafin ki biya, domin idan ta toshe na'urar ta zama fanka kawai. Ki guji duk wadda aka ce tana fitar da ozon don tsabtace iska, domin ozon da kansa yana ƙona hanyoyin numfashi. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya haɗa tasa: a 2020 Richard Corsi da Jim Rosenthal suka yaɗa wata dabara ta ɗaure filtoci huɗu masu lambar MERV 13, wato lambar da ke nuna ƙarfin tacewarsu, a jikin fanka mai siffar akwati, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana rage ƙwayoyin iska sosai. Idan gidanki yana da tsarin ɗumama da ke hura iska ta bututu, ki sauya filtarsa kamar duk wata uku, ki ɗaga ta a haske ki gani, in haske ba ya ratsawa lokacinta ya yi. Na'urar sanyaya ɗaki ma a ciro ragarta a wanke. Shuke-shuken cikin ɗaki kuwa ki ajiye su don ado. Labarin cewa suna tace iska ya samo asali ne daga wani gwajin hukumar NASA na 1989 da aka yi a cikin rufaffun akwatuna, amma wani bita da aka yi a Jami'ar Drexel a 2019 ya nuna sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da musayar iska ta yau da kullum take yi.

Idan gidan tsoho ne kuma fentinsa yana ɓarewa, kada a kankare shi a bushe alhali yara suna ciki, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Amurka ma sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje. A yankunan da aka san ƙasarsu tana fitar da iskar radon, wadda ita ce ta biyu bayan sigari wajen jawo sankarar huhu, lokacin sanyi ne ya fi dacewa a gwada gida, tunda a lokacin take taruwa a ɗakunan ƙasa.

Game da yaronki, kada ki jira sakamakon gyaran gida kafin ki kai shi ga likita. Tarin da yake tashi da dare ko da asuba, yake maimaituwa har tsawon makonni, musamman idan yana zuwa da ƙarar shaƙewa a ƙirji ko yana tsananta bayan guje-guje, yana cikin alamun asma, kuma akwai gwajin da ke nuna ko ƙwarin ƙura ne, ko fumfuna, ko dabba jikinsa ba ya so. Ki rubuta daren da ya yi tarin, da ɗakin da ya kwana, da abin da aka ƙona ko aka share a ranar, ki tafi wa likitan da shi. Idan kuwa kika ga yana numfashi da ƙyar, tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ya kasa gama magana, ko leɓɓansa sun sauya launi, a kai shi asibiti a daren, kada a bari sai gari ya waye.